Jitar Kang Tarjuki da Gadon Yu Wasri

Kwaɗayi ne ya ja ni, ba zan ɗora wa shaiɗan ba. Ranar da na je gidan Kang Tarjuki, 'yan kwanaki bayan sadakar arba'in ɗin matarsa, na yi sallama ba a amsa ba, sai na zagaya ta madafa kamar yadda na saba. Tukunya na kan wuta tana tafasa, ƙamshin lemun tsami ya cika wurin. Na ɗaga murfi. Ga romo jaja-jaja, maiƙo na yawo a sama, a ƙasa kuma wani abu a nannaɗe kamar taliya. Na ce alhamdu lillahi, gwauro ya fara girki, alamar zai rayu ke nan. Na ɗauki ludayi, na hura, na kurɓa.

Ban taɓa lasar uwar maƙera ba, amma yanzu na san ɗanɗanonta.

"Yaya gishiri?" in ji mai gidan daga bayana.

Na tofar, na ce, "Kang, wace irin miya ce wannan?"

"Tsirkiyar jita ce. Ka sha gumin hannuna na bana, Daslam. Zurfafa ludayin, na bara yana ƙasa."

Abin kunyar shi ne na san wannan al'ada sarai. Duk mai kaɗa jitar bas a wannan gaɓar teku tamu haka yake yi. Iskar gishiri da gumi su kashe wa tsirkiya murya, sabuwa kuma tsada, sai a cire a dafa ta da lemun tsami, a shanya a rana, ta dawo da kuzarinta. Kaina ya sani, cikina ne bai sani ba.

Duk da haka raina ya yi fari. Wanda ya dafa tsirkiya yana da niyyar kiɗa, ni kuwa abin da ya kawo ni ke nan: Haji Rasjan ne ya aiko ni in dawo da shi bakin aiki.

Haji Rasjan shi ne mai ƙungiyarmu ta kiɗan dandut. Mu muke cashe bukukuwa tun daga ƙauyukan albasa na Brebes har unguwannin masunta. Ni ne sanƙira. Ba na kiɗa, ba na waƙa. In an miƙa kyauta in faɗi sunan mai bayarwa, in haɗa da na kakansa, in ba shi da kaka in ƙera masa. Kang Tarjuki kuwa, wanda ya girme mu duka, shi ya sa muke ce masa Kang, wato yaya, shi ne mai bas, jitar nan ta lantarki mai tsirkiya huɗu masu kauri. Bas kamar gishiri yake a miya, ba mai yaba shi sai ran da babu.

Yana saurayi ya mallake ta. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa garken agwagi, irin waɗanda ake gishirta ƙwansu a kai kasuwa. Ya kora su gaba ɗaya ya sayar, ya hau mota zuwa tashar jirage ta Cirebon, ya dawo da jar jita ƙirar Japan da ya saya hannun wani matuƙin jirgin ruwa. Mahaifiyarsa ta zagaya ta, ta duba gaba ta duba baya, ta ce, "To, ta ina take yin ƙwai?" Har ta koma ga Allah ba ta samu amsa ba.

Mutum ne marar magana. In ka ji ya haɗa jimla uku a jere, to gobara ake yi. A dandamali can baya yake tsayawa, gefen tulin lasifika, kai a sunkuye kamar mai neman allura. A nan Yu Wasri ta same shi, Yu ɗin ma yaya ce, amma ta mata. Ita ce zabiyarmu, 'yar masunta, gajera, mai murya kamar an wasa wuƙa. Sauran zabiyoyi gaba suke yi wajen masu liƙi, ita kuwa kullum tana ja da baya, kunnenta dab da lasifikar da ke gefensa. In na tsokane ta sai ta ce, "Daga nan nake ɗaukar taki. Ganga ta 'yan rawa ce, wannan tawa ce." Muka wayi gari an ɗaura musu aure, mu muka yi kiɗan, ango da amarya suna cikin ma'aikata. Allah bai ba su haihuwa ba. Suna da juna, suna da jar jita, ban taɓa jin sun ce bai isa ba.

Lasifikar nan da take jingina da ita shekara da shekaru, ita ta ci ta.

Da sarewa abin ya fara. Wata rana ana tsakiyar biki ta juyo ta ce mini, "Daslam, me ya samu mai sarewa yake kumbura kumatu a banza?" Na yi dariya har da riƙe ciki, na maimaita wa jama'a a makirufo, su ma suka yi. Ita ba ta yi ba. Daga sarewa sai kuge, daga kuge sai kukan tsuntsu da ƙarar waya. Daga nan muryarta ta fara ɓace mata. Ka san zabiyar da ba ta jin kanta kamar mai ɗinki ce a duhu, hannu ya iya, amma layi ya karkace. Ranar da ta shiga waƙa a inda ba a shiga, wasu samari suka kwaikwaye ta daga ƙasa, sai ta ajiye makirufo a hankali kan kujera, ta sauka. Ba ta sake ɗauka ba.

Sun je wurin likita a Tegal. Likita ya yi dogon bayani, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ma tafiya zai yi. A cikin bayanin ya ce siraran sauti su ne ke fara gudu, masu kauri su ke jimawa. Kang Tarjuki ya tsinci wannan guda ɗaya ya sa a aljihu, ya bar wa likita sauran.

Daga ranar jar jita ba ta sake hutawa ba.

Da farko sassauta tsirkiyoyin ya yi don muryar ta sauka. Suka yi lako-lako kamar igiyar shanya. Sai ya huda kan jitar ya ƙara kunnen ɗauri, ya sa tsirkiya ta biyar mai kaurin karan sigari. Ya zauna bayan la'asar ya kaɗa, Yu Wasri ta ɗaga kai ta faɗi sunan waƙar. Ya ce mini ranar bai iya cin abinci ba don murna.

Watanni kaɗan sai ya kaɗa, ta girgiza kai.

Ya kwance wuyan jitar ya rataye a bango. Ya je wurin masassaƙin jirage, aka fafe masa wani wuya da ya fi tsawo daga katakon tsohon jirgin kamun kifi, saboda tsirkiya in ta ƙara tsawo tana ƙara zurfin murya. Gaɓoɓin ƙarfen da ke nuna wa yatsa wurin dannawa ba su dace da sabon tsawon ba, ya bar wuyan sumul, ya koyi dannawa da ƙiyasi, da furfurarsa. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya ɓalle shi, ya warware wayar tagulla daga cikin matacciyar fanka, ya sake naɗa shi da hannu. Ya fafe cikin jitar, ya cike, ya sake fafewa. Jan fenti ya tafi, ko'ina tabon dalma da gam. Ta yi nauyi har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama. Ni na raɗa mata suna Kwale-kwale, sunan kuma ya bi ta.

Na ce masa, "Kang, saura ka sa mata filafili mu tafi kamun kifi."

Ya ce, "Za mu buƙaci tsutsa. Kana nan?"

Kunnen Yu Wasri kamar rijiyar rani ne, ruwa na ja da baya, shi kuma yana ƙara wa guga igiya. Duk ƙarin da ya yi sai ya taɓo ruwa, ta ce ta ji, su samu 'yan watanni. Sannan guga ya sake dawowa a bushe, ya sake fito da kayan aiki.

Ba ta daina bin mu biki ba. Takan zauna bayan dandamali ta jingina bayanta da akwatin lasifika, kwanon abinci a cinya, tana kaɗa kai. Shi kuma, da ya san tana nan, sai hannunsa ya riƙa gangarawa can ƙasa, wurin da ita kaɗai yake yi wa amfani. Mai ganga ya fara ƙorafi. 'Yan rawa suka fara neman taki kamar masu neman takalmi a ƙofar masallaci.

Abin ya fashe a bikin 'yar wani dillalin albasa. An jera ƙwan agwagwa mai gishiri a faranti, an yi masa tudu kamar hasumiya, abin alfaharin uwar amarya. Kang Tarjuki ya danna tsirkiyar ƙasa ya riƙe. Ba ka jin komai a kunne, sai haƙoranka su gaisa. Kofunan shayi suka fara tafiya da kansu a kan tire. Hasumiyar ƙwai ta yi rawa, ta yi ruku'u, ta watse, ƙwai na gangarawa har ƙarƙashin kujerar liman. Na kama makirufo na ce, "Jama'a, albarkar aure ce, ga zuriya nan ta fara bazuwa!" An yi dariya, amma uwar amarya ba ta cikin masu yi.

Da aka tashi, Haji Rasjan ya kira shi gefen mota. Haji ba mugu ba ne, mutum ne mai ciyar da gidaje da yawa da wannan ƙungiya.

Ya ce, "Kang, don Allah ka mayar da ita yadda take. Wuyanta na asali yana nan, na gan shi a bangonka. In ba ka so, ga wata jitar a gidana, ka riƙa zuwa aiki da ita, Kwale-kwale ta zauna a gida."

"Wasri ba ta jin waccan."

"To wa kake yi wa kiɗa, masu biki ko Yu Wasri?"

"Masu biki suna da kunne, Haji. Ga ganga, ga sarewa, ga surutun Daslam. Ita wannan kaɗai ta rage mata."

Haji ya share gumi ya ce, "In haka ne sai in ce mai fiyano ya riƙe bas da hannun hagu. Ba ni da yadda zan yi."

Kang Tarjuki ya naɗe wayarsa a gwiwar hannu, ya saɓa Kwale-kwale, ya je ya taɓa kafaɗar matarsa. Ta tambaye shi da ƙarfi ko an tashi ne. Ya gyaɗa kai. Suka hau babur, tana rungume da jitar a tsakaninsu. Daga nan ya koma ɗaurin albasa a rumbunan dillalai da safe, da rana yana gyaran rediyo da fanka a ƙofar gida.

Kamar kurumta ba ta isa ba, ciwon sukari ya zo ya kwantar da ita. A lokacin ko ya ƙure lasifika kunnenta ba ya kama komai, maƙwabta ne kawai ke kamawa. Sai ya yi dabararsa ta ƙarshe. Ya farke lasifikar, ya yar da takardar da ke tura iska, ya ɗaure zuciyar ƙarfen da kusoshi a ƙarƙashin gadonta na katako. In ya kaɗa, ɗakin shiru, sai ɗan ƙas-ƙas na tsirkiya, amma gadon yana kurma ihu a cikin ƙashinka. Ran da na fara zama a bakinsa na zabura har hulata ta faɗi.

Na ce, "Yu, a kan injin niƙa aka kwantar da ke?"

Ta karanta bakina, ta yi dariya har da hawaye. Kang Tarjuki ya soma wata tsohuwar waƙarta, ta lumshe ido, yatsanta na buga gefen katifa, sai ga ta tana rerawa. Muryar ta karkace, amma takin bai kuskure ba. Na ce hayaƙin madafa ya shiga idona, na fita. Ba a hura wuta ba ranar.

Na mayar da shi al'ada, duk Juma'a bayan la'asar ina can, zaune a bakin gadon, ina ba su labarin wanda ya auri wa da wanda ya gudu da kuɗin liƙi. Shi yana kaɗawa, ita tana kallonsa tana kaɗa kai, ni ina zuba. Jinya ta yi tsawo. Ta rame, gyambon kwanciya ya fito mata a baya, yana wanke shi safe da yamma.

Wata Juma'a cikin damina ya fita sayo magani, ya bar mu. Ta kama hannun rigata. Ka san kurma bai san ƙarfin muryarsa ba.

"Daslam!"

"A hankali, Yu, har masallaci ana jin ki."

"Rufe bakin nan, na ga yana motsi. Saurara. Ba na jin gadon nan."

Na nuna katakon, na girgiza hannuna alamar rawa.

"Babu. Tun kafin ruwa ya sauka. Ƙafafu suka fara mutuwa, yanzu bayan ma kamar na wata. Yatsunsa nake kallo. Tun ina budurwa nake kallon yatsun nan, kafin su taɓa na san inda za su."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini yatsa.

"In ya sani zai sake farke jitar nan, kuma babu sauran inda zai sauka. Ya rasa aikinsa, ya rasa kafaɗarsa. Bar shi ya ɗauka ya iske ni. Na san bakinka kwando ne, amma wannan ka riƙe shi muddin ina numfashi."

Na riƙe. Allah shaida, shi ne abu mafi nauyi da na taɓa ɗauka, kuma na taɓa ɗaukar lasifikar Haji Rasjan ni kaɗai. Na ci gaba da zuwa, ina kallonsa yana sunkuye kan Kwale-kwale da karkatacciyar kafaɗa, ina kallonta tana kaɗa kai daidai, ina ƙara yawan surutu don kada fuskata ta tona.

Ta rasu da hantsi, farkon rani, ana cire albasa. Muka kai ta maƙabartar da ke bayan kududdufan kifi. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Da aka gama ya tsaya yana murza yatsun hagunsa da babban yatsa, kamar suna masa ƙaiƙayi.

Wannan shi ne mutumin da na sha romon tsirkiyarsa.

Bayan na kurkure baki ya dafa mana shayi a butar ƙasa, ya jefa dunƙulen sukari a kofi. Muka zauna a ɗakin. An naɗe katifar, Kwale-kwale na kwance kan katakon gadon ba tsirkiya, kamar kifin da aka zare wa ƙaya. Wuyan asali na nan a bango, ja, ƙura ta lulluɓe shi.

Na ce, "Kang, Haji yana gaisuwa. Mai fiyano ya tafi Jakarta, ga bukukuwan bayan girbi sun taso. Ya ce wurinka na nan. Ka sauko da wancan wuyan, ka mayar, kafin Lahadi ka gama."

"Ka gaishe shi."

"Ba gaisuwa ya aiko ni karɓa ba. In ba kiɗa za ka yi ba, me ya sa kake dafa tsirkiya?"

"Tsatsa za ta ci su. Ba su yi laifin komai ba."

"To ka dafa, ka shanya, ka ɗaura, ka kaɗa wa wa? Kuɗin cizo?"

Ya hura shayinsa ya ce, "A nan Wasri ta bar ta. A nan za ta zauna."

Na yi barkwanci, bai ɗauka ba. Na yi wa'azi, ya ce in bar wa liman sana'arsa. Na dubi haƙarƙarinsa ta cikin singileti, na tuna kwandon shinkafar da na gani a madafa ba komai a ciki. Sai na ce a raina, ta ce muddin tana numfashi, yanzu kuwa ba ta yi. In gaskiya za ta tsinke igiyar da ta ɗaure shi da gadon nan, gara ta tsinke.

Na ajiye kofi na ce, "Kang, ka yafe mini abin da zan faɗa. Yu Wasri ta daina jin gadon nan tun kafin damina. Ita ta faɗa mini da bakinta. Yatsunka take kallo. Ba inda jitar nan ta iske ta a ƙarshe. Ka mayar da ita, ka zo ka ci abinci."

Na jira ya fashe, ko da kuka ko da zagi. Sai ya sunkuya, ya zura hannu ƙarƙashin gadon, ya jawo wayar da ake sawa a wuta. Bakinta ya yi kore da tsatsa, yanar gizo ta naɗe ta. Ya ɗora mini a cinya.

Ya ce, "Wata rana ina kaɗa mata aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, gado ya tsaya. Ita ba ta tsaya ba. Ta kai waƙar har ƙarshe, ta ce mini yau kam ya shiga jikinta sosai."

Na dubi wayar da ke cinyata, shi kuma ya ci gaba.

"Girgizar tana buɗe mata gyambo, ita ba ta sani ba. Da na ga ba ta ji, sai na zare. Tana so in ɗauka tana ji, na ɗauka. Me zai rage ni da shi?"

Na ce, "Amma Kang, duk Juma'a ina zaune a bakin gadon nan..."

"Kana zaune. Damina guda cur kana zaune a kan katakon da ba ya motsi, kana ba mu labarin auren mutane." Ya karɓe wayar daga cinyata, ya mayar da ita inda take. "Ita ciwo ne ya toshe mata kunne, Daslam. Kai kuwa bakinka ne."